Zongon Parakou: Me mazauna ke nema daga gyaran gari?

Zongo unguwar 'yan kasuwa ce a Parakou, hedkwatar jihar Borgou a Jamhuriyar Benin. Kamar takwararta ta Djougou, sunanta daga "zango" yake, wato masaukin fataken goro masu bin hanyar Gwanja zuwa Kano. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya bunƙasa cinikin garin. Durƙushewar layin dogon da rufe iyakar Nijar a 2023 suka rage shi.

Tun bayan rusau na 2017 a bakin titunan manyan biranen ƙasar, buƙatar mazauna ba kwalta kaɗai ba ce. Suna neman magudanan ruwa, da rumfuna masu sauƙin haya, da tabbacin cewa gyaran ba zai tashi masu ƙaramin jari daga wuraren sana'arsu ba.