Asalin Jarrabawar Canki-Canka

Malamin da ya buɗe Google Forms a yau, ya ɗauko shiryayyen fom ya zuba tambayoyinsa, kowace da amsoshi huɗu a ƙarƙashinta, sa'an nan ya tura wa ɗalibai ta waya, yana iya zaton bidi'ar zamanin intanet ce, alhali kuwa gado ya ci wanda ya haura shekara ɗari.

Asalin al'amarin a jihar Kansas ta Amurka yake, inda wani malami, Frederick Kelly, ya yi tahakiki a 1914 a kan makin da malamai ke bayarwa, ya tarar takarda guda in ta faɗa hannun malamai dabam-dabam sai hukuncinsu ya saɓa, wannan ya ɗaga, wancan ya kayar. Saboda haka ya tsara jarrabawar karatu wadda kowace mas'ala a cikinta amsa ɗaya tak gare ta, yadda duk wanda ya duba ba shi da kafar son rai. Niyyarsa adalci ce, amma yaƙi ne ya yaɗa ta, domin a 1917 sojan Amurka, bisa jagorancin Robert Yerkes, suka ɗauki irin wannan tsari suka auna basirar kurata fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Da takardu suka fi ƙarfin masu dubawa, sai wani malamin sakandare a Michigan, Reynold Johnson, ya lura cewa baƙin fensir yana ɗaukar lantarki, ya ƙera na'urar da ke gane inda ɗalibi ya shafa. Kamfanin IBM ya sayi hikimar, ya fito da ita kasuwa a ƙarshen shekarun 1930. Wanda duk ya taɓa zama jarrabawar JAMB, wadda aka kafa hukumarta a 1978, yana tune da gargaɗin da akan yi game da fensirin HB da cike gurbi sosai, har zuwa 2015 da aka mayar da ita kan kwamfuta baki ɗaya. Shi fom ɗin Google a 2008 ya bayyana, a 2016 kuma aka ba shi ikon ba da maki da kansa.

A ganina an sami sauƙi mai yawa, musamman ga malamin da ajinsa ya cika maƙil. Sai dai ma'aunin yana gwada mai gane amsar daidai ne in an nuna masa, ba mai fito da ita daga ƙirjinsa ba. Malamin zaure, da yake sauraren almajiri yana biya karatu, yakan ji inda i'irabi ya karkace har ya san dalilin kuskuren, fom kuwa iyakarsa ya ce an faɗi. Shi ya sa har yanzu hukumar WAEC, ban da takardar canki-canka, take sa ɗalibi ya rubuta insha'i wanda mutum zai zauna ya karanta.