Wa Ya Tona Asirin Gonar Liliesleaf?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: shin gaskiya ne hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ta kai 'yan sanda gonar da aka kama abokan gwagwarmayar Mandela? Malam ya haɗa kamu biyu wuri guda. Zargin da ake wa CIA ya shafi kama Mandela kansa kusa da Howick a watan Agustan 1962. Samamen gonar Liliesleaf kuwa sai ranar 11 ga Yulin 1963, lokacin Mandela yana kurkuku.

Gonar tana Rivonia, wanda a lokacin karkara ce a arewacin Johannesburg: eka 28, da gida babba, da ɗakunan ma'aikata a baya, da wani ɗaki mai jinkar ciyawa. Jam'iyyar Kwaminisanci ta Afirka ta Kudu ta saye ta a asirce a 1961. Arthur Goldreich da iyalinsa suka tare a matsayin masu gida, Mandela kuma ya sa rigar lebura, ya amsa sunan David Motsamayi, yana kai da kawo kamar yaron gida.

Ranar samamen, 'yan sanda sun shigo cikin motar kamfanin wanki da guga. A ɗakin jinkar suka ritsa da Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada da Raymond Mhlaba da wasu, ga daftarin shirin yaƙin sunƙuru mai suna Operation Mayibuye a gabansu. An kuma gano takardun Mandela da aka ɓoye a rumbun gawayi, su ne suka jawo shi cikin shari'ar da aka yi wa waɗanda aka kama.

To, wa ya nuna hanya? 'Yan sanda sun ce wani mai ba su rahoto ne. Wasu na cewa an bi sawun na'urar rediyon da aka watsa shiri da ita daga can. Akwai kuma yaron maƙwabta ɗan shekara 10 da ya riƙa rubuta lambobin motocin da ke shiga gonar, ya miƙa wa 'yan sanda.

Ni dai labarin yaron ya fi gamsar da ni, domin yana nuna inda ɓarakar take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gonar da aka saya don ɓuya ta koma wurin taro, fari da baƙi na shige da fice a ƙasar da ganin hakan kaɗai ya isa a yi tsegumi. 'Yan gwagwarmayar su kansu sun gane haka, har sun yanke cewa zaman ranar samamen shi ne na ƙarshe a wurin. Neman maci amana guda ɗaya yana rufe wannan darasi.

A ƙarshen shari'ar, ranar 12 ga Yunin 1964, aka yanke wa mutum takwas ɗaurin rai da rai. Gonar ta zama gidan tarihi a 2008, rashin kuɗi ya sa aka rufe ta a 2021.