Gajiyar Jego da Ba Ta Ƙarewa: Yadda Likitoci Suka Gano Hannun Tayirod

Mai karatu, wataƙila ka san mace wadda ta gama wankan jego, aka yi arba'in, amma har wata biyar ko shida kasala ba ta sake ta ba. Sanyi take ji ko ana zafi, gashi yana zuba, ga mantuwa. Sai a ce ai raino ne, ko son jiki. To, likitoci ma sun daɗe suna faɗin haka.

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa shi ke tsara saurin aikin jiki, har da bugun zuciya da ɗumin jiki.

A 1948 wani likita a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand, H. E. W. Roberton, ya wallafa rahoto a kan mata masu kasala, jin sanyi da zubar gashi bayan haihuwa, waɗanda suka samu sauƙi da ya ba su maganin tayirod. Ba a ba rahoton muhimmanci ba, don a lokacin babu gwajin jini mai inganci da zai gaskata shi.

A 1956 Ivan Roitt da Deborah Doniach a Landan suka nuna cewa garkuwar jiki kan juya ta yaƙi tayirod. Daga nan aka samu bakin zaren. A 1976 Nobuyuki Amino a Osaka, Japan, ya bayyana masu jego da tayirod ɗinsu ta yi rauni na ɗan lokaci. A 1982 shi da abokan aikinsa suka bibiyi mata 507, suka tarar da matsalar a jikin kashi 5.5 cikin 100.

Me ke faruwa? Lokacin goyon ciki garkuwar jiki takan lafa don kada ta cutar da ɗan tayi. Bayan haihuwa sai ta farfaɗo da ƙarfi, a wasu matan ta far wa tayirod. Tsakanin wata 1 zuwa 4 sinadarin da ke ajiye yakan kwarara cikin jini, mace ta riƙa jin faɗuwar gaba, zufa da rama. Tsakanin wata 4 zuwa 8 kuma sai ya yi ƙasa, kasala ta sauka. Yawanci kan warke cikin shekara guda, wasu kam raunin yakan zauna musu, kuma yakan dawo a haihuwa ta gaba.

Ka lura, lokacin da kasalar ke tsananta, 'yan barka sun watse, mai jego ta koma ɗakinta da aikinta. Shi ya sa ake kasa gane ta. Abin da Roberton ya rasa yau muna da shi: gwajin jini na TSH. Maganin levothyroxine kuma ba ya hana shayarwa. Idan gajiyar matarka ko ƙanwarka ta ƙi ƙarewa, ka raka ta asibiti, ku nemi a duba tayirod tare da ƙarancin jini.