Ƙofar Magani a Ƙarƙashin Fata: Tarihin Fot da Kula da Shi

A shekarar 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya kuma ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. Manyansa sun kira abin ganganci, amma a 1956 ya samu kyautar Nobel. Daga nan likitoci suka gane cewa ana iya kai magani babbar jijiyar da ke dab da zuciya, inda yawan jini ke tsarma shi nan take. Wannan ne ya ceci masu ciwon daji, domin magungunansu na ƙona ƙananan jijiyoyin hannu.

Bututun Broviac na 1973 da na Hickman na 1979 duk suna barin jela a waje, ƙwayoyin cuta kuwa ba sa ƙin ƙofa buɗe. Sai a 1982 John Niederhuber da abokan aikinsa a Amurka suka binne komai ƙarƙashin fatar ƙirji: ɗan faifai mai murfin silikon, wanda ake kira fot. Allurar da ta dace da shi ta girme shi ma. Wani likitan haƙori, Ralph Huber, ya ƙera ta tun shekarun 1940. Bakinta a lanƙwashe yake, tana ratsa silikon ba tare da ta gutsure shi ba.

A nan damuwata take. Majinyaci zai dawo Tsafe ko Bungudu da fot da aka dasa masa a wani gari, allurar Huber kuwa ba kowane kantin magani a Gusau ke ajiye ta ba. Idan aka soka allurar yau da kullum, murfin ya lalace, magani ya tsiyaya cikin nama. Ku nemi naku tanadin tun kafin sallama.

A da, ƙa'ida ita ce wanke fot da heparin duk mako 4. Bincike na baya ya nuna ruwan gishirin asibiti kan wadatar, wasu cibiyoyi ma sun tsawaita tazarar zuwa mako 8 ko 12, sauƙi ga mai fargabar hanya. Likitanka ne dai zai yanke. Ma'aikaciyar jinya ƙwararriya kaɗai za ta taɓa shi, da tsabtataccen hannu da sirinji mai mililita 10 ko fiye, allurar da aka bari a jiki kuma a canza ta duk kwana 7. Zazzaɓi, rawar ɗari bayan wanki, ja ko kumburi a wurin, duk na zuwa asibiti ne a ranar.