Takaba da Jadawalin Aikin Dare: Martani ga Masu Cewa Ƙa'ida Ɗaya Ta Isa

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin sha'anin ma'aikata, cewa jami'i nagari shi ne wanda ba ya duban fuska: ƙa'ida ɗaya ga kowa, da zarar ya kauce mata son zuciya ya shigo. Tushen ra'ayin sananne ne (Weber, 1922). Inda nake ja shi ne zaton da ake yi cewa ƙa'idar ta riga ta hango duk halin da ma'aikaci zai shiga.

A ɗauki mai takaba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta tanadi hutun haihuwa na mako 12 a sashe na 54, da na rashin lafiya na kwana 12 a sashe na 16, amma ba ta ce uffan ba kan matar da mijinta ya rasu. Takaba kuwa wata 4 ne da kwana 10, sai mai ciki, wadda tata ke ƙarewa da haihuwa. Saudiyya ta raba gardama da doka: sashe na 160 na dokar ƙwadagonta ya ba Musulma hutun wannan tsawon lokaci da cikakken albashi. Inda babu irin wannan tanadi, nauyin yana kan jami'in da takardar ta sauka a teburinsa.

Ba hutun wata huɗu nake karewa ba, domin hujjata ba ta kai can ba. A mazhabar Malikiyya mai takaba tana iya fita da rana don buƙatunta, kwana ne dai ba ta yi sai a ɗakinta. Ke nan malamar firamare da ke tashi da azahar kusan ba ta da matsala. Ma'aikaciyar jinya ce ke tsaka mai wuya, wadda sunanta ke cikin jadawalin da aka manna a bangon ɗakin marasa lafiya, an rubuta mata aikin dare na mako guda. Abin da take nema bai wuce a mayar da ita aikin safe ba, a kuma jinkirta canza mata gari.

Mai ja zai ce aikin daren nan ba ɓacewa ya yi ba, kan wata zai faɗa, wataƙila mai goyo. Zai ƙara da cewa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana fifita wani saboda addini, to ina matsayin Kirista da ta rasa miji? Mafi nauyi, zai ce yau takaba ce, gobe kuma 'yar ɗakin shugaba ce za ta zo da nata uzurin. Ba na raina wannan suka ta ƙarshe. Duk wanda ya san yadda sanayya ke aiki a ofisoshinmu ba zai raina ta ba. Sai dai ina ganin ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Sanayya a ɓoye take tafiya, ba ta son takarda. Sassauci bisa hali kuwa ana iya rubuta shi a fayil: dalili kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, za ta rama wa wance daren da ta karɓa mata. Da wannan rubutun ne Kiristar da aka bari da marayu za ta nemi irinsa, tunda ma'aunin rasuwar miji ne da abin da ta jawo.

Ƙila inda sukar ta fi ƙarfi shi ne ƙaramin asibitin ƙauye mai ma'aikatan jinya biyu ko uku. A nan ramuwar ma tana iya gagara, sai an aro ma'aikaciya daga wani asibitin, wannan kuma ya wuce ikon jami'i ɗaya.