Yardar Wa Aka Nema? Raunin Hujjar Ciniki a Kwasar Bayanan Jama'a

Hujjar da masu kare kamfanonin fasaha suka fi jingina da ita ita ce ta ciniki: mai waya ya samu manhaja kyauta, ya biya da bayanansa, ya kuma danna maɓallin amincewa da yatsansa, don haka ba a zalunci kowa ba. Martanin da aka saba yi sananne ne, wato ba mai karanta sharuɗɗan. Masu bincike McDonald da Cranor sun ƙiyasta a 2008 cewa karanta su zai ci wa Ba'amurke fiye da awa 200 a shekara. Mai hujjar ciniki yana iya kaucewa da cewa wanda ya sa hannu bai karanta ba shi ya jawo wa kansa. A ganina raunin yana wani wuri da ba a cika dubawa ba: kaso mai tsoka na abin da ake kwasa daga wayar mutum bayanan wasu ne.

Badaƙalar Cambridge Analytica ta nuna girman abin. Kimanin mutum 270,000 ne suka yi amfani da manhajar gwajin ɗabi'a ta Aleksandr Kogan, wadda ta kwaso wa kamfanin Cambridge Analytica bayanai daga Facebook, amma Facebook da kansa ya faɗa a 2018 cewa waɗanda abin ya shafa na iya kai miliyan 87, domin manhajar takan bi ta kan wanda ya amince ta kai ga abokansa. In haka ne, a matsakaicin lissafi kowane mutum ɗaya ya amince a madadin fiye da 300. Wasu manhajojin ba da rance a Najeriya sun yi irin haka a kusa da gida. Kafin a ba ka kuɗi sai ka ba da izinin karanta lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara kuwa saƙo ya isa ga surukarka da limamin unguwa cewa kai macuci ne. Surukar ba ta ci bashi ba, ba ta danna komai ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin mai sayar da kayan da ba nasa ba, kuma a mazhabar Malikiyya irin wannan ciniki a rataye yake har sai mai kaya ya yarda.

Mai jayayya zai ce waɗannan ɓaraka ce da aka riga aka toshe. Facebook ya rufe waccan ƙofa a 2015, hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala biliyan 5 a 2019, Google kuma ya hana manhajojin rance taɓa lambobin waya a 2023. Zai ƙara da abin da ya fi ƙarfi, cewa lambar abokina da ke wayata tawa ce ni ma, kuma mutane suna ba juna lambobin wasu tun kafin zuwan intanet. Akwai gaskiya a nan. Sai dai ba da lamba ɗaya ga wanda ka sani daban, miƙa littafin duka ga rumbun kamfani daban. Waya guda ta adana mutum da sunansa na yanka, wata da sana'arsa, wata da sunan ɗiyarsa. Idan aka haɗa goma irinsu, sai a san wane ne shi, su wa yake hulɗa da su, abin da babu ɗaya daga cikin goman da ya mallaka balle ya bayar. Shugaban Facebook Mark Zuckerberg ya amsa a gaban majalisar Amurka a Afrilun 2018 cewa kamfaninsa yana tattara bayanan waɗanda ba su da shafi a Facebook, ya ce saboda tsaro ne. Wataƙila haka ne, amma tsaro wata hujja ce dabam, kuma kawo ta amsawa ce cewa ba a nemi yardarsu ba.

Dole in taƙaita da'awata a nan. Misalan ba su tabbatar da cewa kowane kamfani yana cutarwa da abin da ya tara ba. Abin da suka tabbatar shi ne danna maɓalli bai isa ya halatta wannan ɓangare ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, kamar ta Tarayyar Turai, ta yarda da wasu dalilai ban da amincewa, ciki har da halastacciyar buƙatar kamfani. Wanda ya koma can kuwa sai ya auna buƙatarsa da haƙƙin surukar nan, ya kuma iya kare awon a gaban hukuma.