Jiragen Yaƙin Hamada da Suka Yada Zango a Kano

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano, karo na farko da mutanen birnin suka ga ƙarfe ya sauko daga sama da mutum a cikinsa. Daga Masar suka taso, kuma madugun tafiyar wani matashin hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Bayan shekara 16, wannan mutumin ne aka danƙa wa jagorancin jiragen yaƙin Birtaniya a hamadar Masar da Libiya, kuma da yawa daga jiragen da ya yi yaƙin da su, ta hanyar nan da ya taɓa bi suka iso masa.

Dalilin haka shi ne, da Italiya ta shiga yaƙin Hitila a watan Yuni 1940, Bahar Rum ta zama tarkon mutuwa ga jiragen ruwan Ingila. Zagayowa ta ƙasan Afirka kuwa tafiya ce ta makonni masu yawa. Sai aka koma ga dabarar fatake. A kwance jirgin yaƙi, a zuba shi a manyan akwatunan katako, a sauke a tashar Takoradi da ke ƙasar Ghana ta yau. Can makanikai za su harhaɗa shi, ya tashi da fukafukansa zuwa Legas, ya kwana, ya wuce Kano, Maiduguri, Fort Lamy (wato N'Djamena), El Geneina, El Fasher, Kartum, sannan ya bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta haura mil 3,500, kuma takan ci kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma kafin tsakiyar 1943 jiragen Birtaniya fiye da 4,500 sun bi ta nan.

Sa'a ma ta taimaka. Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai ɗasawa da Jamus, amma gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, jagoran Faransawa masu adawa da Jamus, a ƙarshen Agusta 1940. Ba don haka ba, da zangon Fort Lamy bai samu ba.

Yadda ake tafiyar ma abin kallo ne. Jirgi ɗaya mai inji biyu, ƙirar Blenheim, shi ke gaba da mai duba taswira a ciki, ƙananan Hurricane na biye da shi kamar 'yan tsaki. Wanda ya ɓace wa ayari cikin hazon hunturu, sai Allah. Har farin fenti ake shafa wa bayan jiragen domin masu nema su hango wanda ya faɗi a daji. Jamusawa sun san abin da ke gudana: a Janairu 1942 jirginsu ɗaya ƙirar Heinkel ya ratso Sahara daga Libiya, ya jefa bam a Fort Lamy, ya ƙone man da aka tara.

To, su wa ke jiran waɗannan jiragen a can ƙarshen hanya?

Cikinsu akwai wani yaro ɗan Berlin, matuƙin jirgin yaƙin Jamus Hans-Joachim Marseille, wanda ya iso Afirka a Afrilu 1941 da tarihin rashin jin magana da yawon dare. Jirginsa Messerschmitt 109 ne, mai lamba 14 da aka rubuta da ruwan ɗorawa, kuma ya fi Hurricane da Tomahawk gudu da hawa sama. Matuƙan ɓangaren Birtaniya, cikinsu har da 'yan Afirka ta Kudu da Ostareliya, idan suka ga an fi ƙarfinsu sai su yi da'ira suna zagayawa, kowa na tsare wutsiyar na gabansa. A ka'ida wanda ya kutsa cikin da'irar ya shiga bakin bindigar na baya. Marseille sai ya riƙa faɗowa daga sama kamar shirwa, ya rage gudu ba zato, ya yi kwana a takure, ya harba ba inda jirgin yake ba, inda zai kai nan da ƙiftawar ido. Maharbin da ya taɓa harbin tsuntsu a sama ya san wahalar wannan lissafi, balle a ce shi kansa maharbin yana juyawa a guje. A ranar 3 ga Yuni 1942, kusa da Bir Hakeim, ya kakkaɓo Tomahawk shida na 'yan Afirka ta Kudu cikin mintuna kaɗan. A ranar 1 ga Satumba aka rubuta masa 17 a wuni guda, duk da cewa masu bin takardun ɓangarorin biyu sun daɗe suna jayayya kan wannan adadi. Jimilla an ba shi 158, kuma 151 daga ciki a Afirka ne. Jaridun Jamus suka laƙaba masa Tauraron Afirka.

A nan ne nake ganin masu son labarin jarumai suke barin jaki su daki taiki. Ranar da aka rubuta masa 17 ɗin ta faɗo ne a tsakiyar gumurzun Alam Halfa, lokacin da jiragen Coningham masu jefa bam ke ruwan wuta a kan motoci da tankokin Rommel, kwamandan sojojin Jamus a can, dare da rana. Kusan duk abin da Marseille ya harbo a Afirka ƙananan jiragen yaƙi ne, masu bam ɗin kuwa suna isa inda aka aike su. Rommel ya ja da baya. Kuma duk jirgin da yaron ya kayar, akwai wani a akwati a Takoradi, wani yana shan mai a Kano, wani ana wanke masa ƙurar Sudan daga inji a Masar. Su kuwa Jamusawa, man da suke jira daga Italiya da yawa daga cikinsa yana nutsewa a teku.

Ba abokin gaba ne ya kashe shi ba. A ranar 30 ga Satumba 1942, yana dawowa daga aiki a sabon jirgi, injin ya kama hayaƙi har ya daina ganin gabansa. Ya daure har ya ƙetaro yankin mutanensa kusa da Sidi Abdel Rahman, ya kifa jirgin ya faɗo, wutsiyar ta doke shi, laimarsa ba ta buɗe ba. Shekararsa 22. Jikin abokan aikinsa ya yi sanyi ƙwarai, har aka janye su zuwa Sisili. Bayan kwana 23 Montgomery, kwamandan sojojin ƙasa na Birtaniya, ya buɗe wuta a El Alamein, sama kuma tana hannun Coningham.